Yadda ake kiyaye jerin lambobi don kada Gadarif ta faɗa teku

Tun da aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a jihar Gadarif a watan Nuwamba 2020, domin 'yan gudun hijirar Tigray na Habasha, aikin agaji bai rabu da taswira ba. Famfo, masai, asibiti, kowanne da lambobinsa biyu, latitud da longitud. A nan ne mai rubuta manhaja yake yawan yin tuntuɓe.

Garin Gadarif yana wajen digiri 14 arewa, 35 gabas. Ka juya lambobin nan biyu wajen kiran wani fankishin na taswira, sai wurin ya bayyana a Bahar Rum, kusa da tsibirin Malta. Kwamfuta ko gezau, domin duka biyun lambobi ne.

Da farko, kafin ka kira fankishin ɗin wani, buɗe bayaninsa ka ga wanne yake karɓa a gaba. Kada ka dogara da sabo. Google Maps da Leaflet latitud suke fara karɓa, GeoJSON da Shapely kuwa longitud.

Sai ka riƙa kiran kowace lamba da sunanta. A Python, maimakon sa_wuri(14.0, 35.4), rubuta sa_wuri(arewa=14.0, gabas=35.4). Idan kai ka gina fankishin ɗin, sa tauraro a farko, def sa_wuri(*, arewa, gabas), duk wanda ya miƙo lamba ba suna sai Python ta ƙi karɓa nan take. Ni dai ban ga dabarar da ta fi wannan araha ba.

Daga nan sai shinge, kuma nan ne ake ruɗuwa. Mutane da yawa suna duba ko latitud bai wuce 90 ba, su ce shi ke nan. To ai 14 da 35 duk ba su kai 90 ba, kuskuren zai wuce abinsa. Ka matse shingen daidai yankin aikinka: latitud tsakanin 12 da 16, longitud tsakanin 33 da 37. Abin da ya fita daga nan a tsayar da shi.

Haka ranar haihuwa take a rajista: shekara, wata, rana ne jerin Python, kuma 3 ga watan 5 yakan koma 5 ga watan 3 ba wanda ya lura. Saboda haka ka yi gwaji da rana irin 25, wadda ba za ta shiga gurbin wata ba.

Kafin ka loda dukan bayanan, ɗora wuri guda da ka sani, ka duba da idonka inda ya sauka a taswira.