Ɗana, Cire Guntun Katakon Nan

Ɗana, jiya da la'asar na leƙa shagonka, na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Injin zuƙar ƙura yana ta ƙugi, kai kuma ka sa guntun katako ka tokare jan maɓallin nan don kada ya sake ɗaukewa. Ban yi magana ba saboda yaranka suna wurin. Yanzu da muke mu biyu, zauna ka ji.

Na san abin da ya kai ka. Injin da ya mutu murus bai da wuyar sha'ani, ɗauka za ka yi ka kai wa mai gyara. Wanda ke cin rai shi ne mai yin minti 20 yana aiki ya tsaya, ka taɓa shi ya tashi kamar ba a yi komai ba, ga amarya za ta tare ranar Juma'a, gadonta bai haɗu ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Injin yana da abin da yake son gaya maka, tambayarsa kawai ba ka yi ba.

Mu a Garwa, da abu ya tsaya sai mu ce wuta ce, kuma sau da yawa gaskiyarmu. Yawancin wutarmu daga Lagdo take, madatsar da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai, aka gama a 1982, mai injuna 4 da ƙarfinsu duka megawat 72 ne. A lokacin garin nan bai kai haka ba, ga Marwa da Ngaundere ana rabawa da su, in rani ya yi nisa ruwan ya ja baya. Sai dai wutar da aka ɗauke ba ta ƙona inji. Wadda ta zo da rauni ita ce matsala. An ƙera injinka don bolt 220. In 180 ya samu, zai ƙara jan wuta don ya iya aikin, naɗin wayar cikinsa ya ɗauki zafi. In ba ka da mita, rataya kwan fitila irin na da, mai zare a ciki, a layi ɗaya da injin. In kwan ya dushe duk lokacin da aka ta da injin shafe katako, to layin ne bai ishe su ba, domin inji yakan ja ninki biyar ko shida na wutarsa a lokacin tashi. Wannan doguwar siririyar wayar da ka jawo daga ƙofa har ƙurya, ita ma tana cinye ƙarfin a hanya.

Sannan ka lura da lokaci. In da safe lafiya lau ne, sai bayan azahar yake tsayawa, zafi ne. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura 40, balle ƙarƙashin kwano. Duba bayan kan injin, inda 'yar fankar nan take hura masa iska. Garin ayus da sapele da ake kawo mana daga kudu, haɗe da ƙurar hunturu, sun toshe hanyoyin iskar har sun zama kamar bargo. Jan maɓallin da ka tokare mai gadi ne. Shi yake jin zafin kafin kai ka ji ƙauri, ya yanke wuta. Da ka tokare shi, zafin yana nan, mai gadin kawai ka ɗaure.

Ni ma na taɓa yin haka ina saurayi. Naɗin ya ƙone, na yi mako uku ina yanka ba abin da ke zuƙe ƙura, tarin da na kwasa ya daɗe bai bar ni ba. Allah ya kiyaye, tartsatsin bai kai ga buhun ƙurar ba. Garin katako busasshe, in ya samu wuta, ba ya jira a kawo ruwa.

In kuwa tsayawar ba ta da lokaci, sai in an bangaje shi ko an taka wayar, nemi abin da ya saki. Injin yana kaɗawa yini guda, ƙusoshin da ke riƙe bakin waya suna kwancewa sannu a hankali. Zare fulogi daga bango tukuna, kada ka dogara ga makunni. Buɗe akwatin da wayoyin suke haɗuwa, ka duba inda ya yi baƙi, ka shinshina, ka ja kowace waya kaɗan ka ji. Karkaɗe ƙurar cikin makunnin. Lanƙwasa wayar dab da fulogi, domin takan karye a ciki alhali robar waje tana lafiya. In gurnani yake yi ba ya juyawa, zargi kondensa, musamman in ta kumbura. Yi hankali da ita, tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, kuma kada ka yarda yaro ya tura fankar da hannu ko sanda.

Akwai wani abu da samari ba sa yarda da shi sai sun gani. Na ga ka cire bututun zuƙar ƙurar wai don injin ya huta. Irin fankar da ke zuƙar ƙurar nan, in iska ta yi mata yawa sai ta ƙara jan wuta. Buhun da ya cika yana rage zuƙa, amma bakin da aka bari a wangale shi ke wahalar da kan injin. Mayar da bututun inda yake.

Gobe in Allah ya kai mu zan biyo da mitata bayan na karya. Kafin nan cire katakon, ka bar injin ya huce. Ka sa ƙaramin yaronka ya riƙa rubutawa da alli a jikin ƙofa: ƙarfe nawa ya tsaya, wane inji ne a kunne, kwan ya dushe ko bai dushe ba. Daga nan za mu fara.