Wasan Kwaikwayo Domin Karɓar Baƙi

Karatu: Rut 2:1-16, Littafin Firistoci 19:33-34

A shekara ta 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza cikin watan Agusta, Mubi kuma cikin Oktoba. Jama'a da yawa suka gudu zuwa Yola da Jos, waɗansu har Kamaru. Ikilisiyoyi suka ba su hatsi da tabarmi. Amma baƙo yana iya ƙoshi, duk da haka ya zauna a bencin baya, ba wanda ya san sunansa.

Labarin da aka gani da ido yana shiga zuciya. Annabi Natan bai fara da tsauta wa Dawuda ba. Labari ya ba shi, har sarki ya hukunta kansa da bakinsa (2 Sama'ila 12).

Ga yadda za ku yi:

1. Ku haɗa 'yan gari da baƙi cikin ƙungiya ɗaya, gama wurin koyon wasa ake sabawa.
2. Ku fara da labarin Rut. 'Yar gari ta zama Rut mai kala, baƙo ya zama Bo'aza mai gona, domin kowa ya ɗanɗana halin ɗan'uwansa.
3. Ku bar baƙi su yi waƙa da harshensu, ko Margi ko Kamwe.
4. Kada ku sa kowa ya kwaikwayi kisan da ya gani, domin miki bai warke ba tukuna.

Tambaya: Baƙi nawa ka sani da suna cikin ikilisiyarku? Wa ya taɓa cin tuwo a gidanka?

Mu roƙi Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Bo'aza.