Ƙarar Injin Niƙa da Janareta da Yadda Take Cinye Ji a Hankali

Mafi yawan masu injin niƙa da masu walda da makanikan janareta da ake gani a ɗakin gwajin ji ba da ra'ayin kansu suke zuwa ba, iyalansu ne suke turo su bayan sun gaji da maimaita musu magana, kuma idan aka tambaye su game da ƙarar wurin aikinsu, amsar da suka fi bayarwa ita ce sun saba da ita. Wannan sabon shi ne babban abin tsoro, domin kunne ba ya sabawa da ƙara, jinsa ne yake raguwa, mai shi kuma ya ɗauka ƙarar ce ta yi sauƙi.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, wanda lissafinsa ba irin na mudu ba ne da ake ƙara ɗaya a kan ɗaya, saboda ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Hirar mutum biyu tana kusan desibel 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, idan ƙarar ta kai 88 sai lokacin ya koma awa 4, idan kuwa ta kai 100 to minti 15 ne kawai. Wanda ba shi da na'urar awo yana iya gane inda yake tsaye da gwaji mai sauƙi: idan sai ya ɗaga murya kafin wanda ke kusa da shi da tazarar hannu ɗaya ya ji shi, ƙarar ta kai iyakar ko ta wuce ta. A rumfar markaɗe kuwa, sau da yawa da nuni da hannu ake yin ciniki, daga safiya har magariba.

Ɓarnar tana faruwa ne a can cikin kunne, a wani sashe mai siffar katantanwa inda ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, suke mayar da girgizar sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana galabaita su, shi ya sa ma'aikaci yake komawa gida da kunne a toshe ko yana yi masa ƙugi, kashegari ya tashi ya ji sauƙi, amma idan abin ya daɗe yana maimaituwa sai su mutu, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Takardar gwaji takan fara nuna raunin a wajen hatiz 4,000, wato sautuka masu siririyar murya, inda haruffa irin su s da sh da f suke, saboda haka mutum yana jin ana magana amma ba ya tantance abin da aka ce, musamman a kasuwa ko wurin taro. Allurai irin su jentamaisin, da ake yawan yi ba bisa umarnin likita ba, su ma suna iya lalata waɗannan ƙwayoyin, sai lahanin ya zama biyu.

Maƙwabcin da janareta yake kwana a gindin tagarsa ba lallai ne ya kurumce ba, tasa matsalar ta barci ce, domin kunne ba ya rufewa da dare, kuma ƙarar da ba ta kai ta tashe shi ba tana iya ƙara masa bugun zuciya ta hana barcin yin nauyi, wanda bayan shekaru ake danganta shi da hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar domin Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar ababen hawa na kan titi ta wuce desibel 45 da dare. Lasifikar biki da ta masu tallan magani su ma suna cikin masu hana maƙwabta barci, ko da yake kara da kunya suna hana mutane faɗa.

Tsarin da ya fi amfani shi ne a fara da injin kansa: a gyara salansar da ta fashe, a ɗaure ƙusoshin da suka kwance, a sa mai, a ɗora shi a kan roba mai kauri maimakon kankare tsirara. Daga nan sai tazara, domin a fili ninka nisa daga inji yana rage kusan desibel 6, katangar bulo kuma tana ƙara ragewa. Sai dai ba a shigar da janareta ɗaki ko soro don gudun damun maƙwabta, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Abin toshe kunne na soso ko na roba shi ne mataki na ƙarshe, kuma audugar da ake cusawa ba ta tare komai a zo a gani. A Najeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da dokokin taƙaita ƙara a 2009, amma aiwatar da su ya yi rauni. Wanda ke aiki da inji kullum ya kamata a gwada jinsa sau ɗaya a shekara, musamman yaran da ake kai wa koyon sana'a, waɗanda su ne aka fi tsayarwa a bakin inji.