Daga Maƙerar Gaya Zuwa Janeba: Aikin Mai Lissafin Maganaɗisu

Gabatarwa

Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, wato Abagayawa, suka zauna a gindin Dutsen Dala domin neman tama, daga nan garin Kano ya kafu. Maƙerin wancan zamani da ido da hannu yake gane ƙarfe mai kyau. A yau akwai wani mai aiki da ƙarfe wanda ba ya riƙe masaba ko awartaki. Shi ne masanin fiziks da ke lissafa maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, na na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra.

Amfanin maganaɗisu a na'urar

Furoton ƙwaya ce mai ɗauke da cajin lantarki. Idan tana gudu miƙe take tafiya, sai in ta ratsa ta cikin ƙarfin maganaɗisu, wanda zai karkatar da ita. Na'ura mafi girma da ke amfani da wannan ƙa'ida ita ce LHC ta cibiyar CERN, kusa da Janeba, a kan iyakar Siwizalan da Faransa. Rami ne zagayayye mai tsawon kilomita 27, wanda ya fara aiki a 2008. A cikinsa akwai maganaɗisu 1,232 masu lanƙwasa hanyar furoton, kowanne tsawonsa kimanin mita 15, nauyinsa tan 35. Wasu 392 kuma suna tattara ƙwayoyin wuri ɗaya, kamar yadda gilashin ƙara girma yake tattara hasken rana.

Aikin mai lissafi

Ƙarfe yana da iyaka. Da zarar ƙarfin maganaɗisu ya kai wajen tesla 2, to ya ƙoshi, alhali an tsara LHC a kan tesla 8.3. Saboda haka sai aka naɗa waya ta niyobiyam da titaniyam, aka sanyaya ta da ruwan iskar hiliyam har digiri 271 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi wutar lantarki ta kusan amfiya 12,000 tana ratsa wayar ba tare da turjiya ba.

Kafin a yanka ƙarfe ko a naɗa waya, mai lissafi yakan zana maganaɗisun a na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya rarraba zanen gutsure-gutsure dubbai. Na'urar sai ta warware ƙa'idojin da James Clerk Maxwell ya wallafa a 1865 a kan kowane gutsure. Abin da ake nema shi ne kada kuskure ya wuce 'yan kashi kaɗan cikin 10,000, domin furoton na zagaya ramin fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda, kuma ƙaramin kuskure taruwa yake yi. Haka nan yakan lissafa zafin da zai tashi idan waya ta rasa sanyinta.

Hatsarin ba ƙarami ba ne. Ranar 19 ga Satumba 2008, mahaɗar lantarki guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ta lalace, aka ciro maganaɗisu 53 domin gyara, na'urar ba ta koma aiki ba sai Nuwamba 2009. Da ita aka gano ƙwayar Higgs a 2012.

Gwaji a aji

Malami a Gaya ko Ajingi zai iya nuna tushen wannan aiki. A samo maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo da garin ƙarfe daga maƙera. A ɗora takarda a kan maganaɗisun, a barbaɗa garin, a ɗan ƙwanƙwasa. Layukan da suka bayyana su ne mai lissafi yake zanawa da alƙaluma. Ɗalibai su lura: ina layukan suka cunkushe, kuma me ya sa?

Kammalawa

Tsanin wannan sana'a shi ne lissafi da fiziks na sakandare, sannan digiri, kamar a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Bayero ta Kano. Ɗalibin da ya ƙware a aljabara tun yanzu ya riga ya taka matakin farko.