Likita Ya Ce A Tayar Da Naƙuda, Surukata Ta Ce A Jira

Cikina na fari ne, ya shiga mako na 37 bisa lissafin sikanin. A awo biyu na baya jinina ya hau, na farko 145 bisa 95, na biyu 150 bisa 100, aka kuma ce an ga furotin a fitsarina. Likita ya ce a kwantar da ni a tayar da naƙuda. Ni kuwa ban da ɗan kumburin ƙafa lafiyata ƙalau, ina girkina ina sharata. Hajiya mahaifiyar maigidana ta ce a bar haihuwa ta zo da kanta, ruwan naƙuda shi ke kai mace ga wuƙa, ita tara ta haifa a ɗaki ba a taɓa ɗaura mata abin awon jini ba. Maigidan ya rasa bayan wanda zai bi. Tunda an ba ni maganin hawan jini, me zai hana in sha in jira?

Mai ciki daga Funtuwa

Amsa: Ki koma asibiti yau, kada ki jira ranar awo. Hawan jini daga 140 bisa 90 bayan ciki ya wuce mako 20, haɗe da furotin a fitsari, shi ne ciwon da ke gaba da jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, kuma masu cikin fari sun fi haɗuwa da shi. Tushensa mabiyiya ce. Jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke taɓa jijiyoyin jinin uwa, ƙoda ta fara yoyon furotin, hanta da ƙwaƙwalwa su shiga haɗari. Duk wannan yana iya gudana mace na tsaye a madafa ba ta jin komai. Maganin da aka ba ki yana sauke lambar da na'ura ke nunawa, yana kuma kare ki daga shanyewar ɓarin jiki, amma bai taɓa mabiyiyar ba. Kamar yayyafa ruwan sanyi ne a tukunyar da ke tafasa alhali ba a janye itacen ba. Ciwon ba ya juyawa sai an haihu mabiyiya ta fita.

Tambayarki ta jira ko a tayar, an gwada ta. A ƙasar Holan an yi wani bincike mai suna HYPITAT, aka buga shi a mujallar Lancet a 2009. Mata 756 masu hawan jinin ciki ko irin naki mai sauƙi, daga mako 36 zuwa 41, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka tayar musu da naƙuda, rabi aka ci gaba da sa musu ido. Cikin waɗanda aka jira, kashi 44 cikin 100 lamarinsu ya taɓarɓare, galibi jinin ne ya yi mummunan hawa. Cikin waɗanda aka tayar wa, kashi 31 ne. Kuma a nan ne maganar Hajiya ta wuƙa ba ta tsaya ba, domin tayar da naƙudar bai ƙara yawan waɗanda aka yi wa aiki ba, kashi 14 ne a ɓangarensu, 19 a ɓangaren masu jira. Dalilin bai da wuyar ganewa. Matar da aka bari har jini ya kai 160 bisa 110, ko bugun zuciyar jariri ya fara sauka, babu sauran lokacin da za a ba ta ta yi naƙuda a hankali, ɗakin tiyata ake garzayawa da ita.

Wani zai ce ai wannan Turai ce, inda kwalabar jarirai ke jiran duk ɗan da ya zo da rauni. Maganar tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa aka sake gwajin a Indiya da Zambiya, a binciken CRADLE-4 da ya fito a 2023. Mata 565 ne, cikinsu ma bai kai naki ba, daga mako 34 zuwa ƙasa da 37. A rukunin da aka shirya wa haihuwa da wuri, mutuwar jariri a ciki ta ragu da kusan kashi 75 cikin 100. Wato inda kayan sa ido suka yi ƙaranci, jiran ne ya fi tsada, domin mabiyiyar da ke cutar da uwa ita ce kuma ke gaza ciyar da ɗa, tana ma iya ɓallewa daga jikin mahaifa farat ɗaya. Naki kuwa a mako 37 ba bakwaini ba ne, ya isa haihuwa.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta haifi tara lafiya. Yawancin mata ba sa samun wannan ciwo, kuma da alama tana cikinsu. Sai dai ke an auna an gani. Tsoronta na ruwan naƙuda ma yana da asali: allurar naƙuda da ake yi wa mata a gida, ko ƙwayar da ake sayowa a kemis ba awo ba lissafi, tana iya fasa mahaifa. A asibiti ana fara duba kwanciyar ɗa da bakin mahaifa, a sa maganin kaɗan-kaɗan, ana sauraron bugun zuciyar jariri. Naƙudar na iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu, tana da zafi, wani lokaci kuma takan ƙi ci gaba a koma ga aiki. Ban ɓoye miki wannan ba. Batun cewa haihuwa lokaci ne na Allah, babu mai musu, neman magani kuma bai fita daga cikin ƙaddara ba.

Ki tafi da maigidanki, in Hajiya za ta yarda a tafi da ita, ta ji daga bakin likita. Ki tambaya ko suna da allurar magnesium sulphate a ajiye. Binciken Magpie na 2002, a kan mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Idan kafin ku isa kika ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko motsin ɗa ya ragu, ko kika ga jini, ko da tsakar dare ne a nemo mota. Bayan haihuwa ma a ci gaba da auna jinin, musamman a makon farko, domin jijjiga na kama mai jego, kuma a ɗaga miki ƙafa da kunun kanwa har sai likita ya ce jinin ya sauka.