DARASI NA TARA: IDON NA'URA DA SUNAYEN ABUBUWA A HAUSA

9.1 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi tsokaci a kan yadda kwamfuta take gane abubuwa a cikin hoto, da kuma dangantakar wannan fasaha da ilimin ma'ana. Manufa ita ce ɗalibi mai koyon aikin malanta ya fahimci cewa na'ura tana gani ne gwargwadon sunayen da aka koya mata.

9.2 Yadda Na'ura Take Gani

A wurin kwamfuta, hoto tarin ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da lambar da ke nuna haskensa da launinsa. Domin ta gane akuya, sai an nuna mata dubban hotuna, kowanne an liƙa masa sunan "akuya", har ta tsinci siffofin da suke maimaituwa. A shekarar 2009 masana a Amurka suka fitar da rumbun hotuna mai suna ImageNet, wanda ya kai ga tara hotuna fiye da miliyan 14. A 2012 wata manhaja daga Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada ta yi fice wajen gane hotunan wannan rumbu.

Fasahar ta shiga fagen nishaɗi ma, domin a 2010 kamfanin Microsoft ya fito da Kinect, na'urar da take bin motsin jikin mai wasa. A gida Nijeriya kuwa, na'urar BVAS ta tantance masu jefa ƙuri'a ta hanyar fuska ko zanen yatsa a zaɓen 2023, har a rumfunan zaɓe na Boɗinga da Shagari.

9.3 Matsalar Suna

An tsara rukunonin ImageNet ne bisa jerin sunaye na Ingilishi. Sanin kowa ne kuma cewa kowane harshe da irin yadda yake rarraba abubuwan duniya. Alal misali, daga duma kaɗai Bahaushe ya samar da ƙwarya da ƙoƙo da masaki da ludayi da gora da shantu. Mai sayar da fura a kasuwar Boɗinga ba za ta kira ludayi ƙoƙo ba, haka masunci a madatsar ruwa ta Shagari ya san gora daban take da masaki. Makiyayi ma yana bambance Balami da Uda da kallo ɗaya. Na'urar da aka koya wa kalma ɗaya tak ga duk kayan duma, ko ga duk tumaki, za ta yi musu kuɗin goro.

Masana 'yan Nijeriya da abokan aikinsu sun fara cike wannan giɓi. A 2022 suka fitar da Hausa Visual Genome, rumbu mai hotuna 32,923 tare da bayaninsu cikin Hausa. Sai dai an fassaro bayanan daga Ingilishi, hotunan ma an ciro su daga wani rumbu na waje. Ke nan, kayan ƙasar Hausa na nan suna jiran mai ɗaukar hotonsu ya kira su da sunayensu na asali.

9.4 Kammalawa

Wannan aiki ya rataya a wuyan malamin Hausa. Shi ya san ingantaccen suna da bambancin karin harshe, shi ne kuma ya san rubutu da ƙa'ida, musamman haruffa masu ƙugiya, domin "kofa" da "ƙofa" kalmomi biyu ne a wurin na'ura. Idan aka liƙa wa hoto gurɓataccen suna, haka na'ura za ta haddace shi, ta kuma koyar da yaran gobe.

9.5 Auna Fahimta

1. Bayyana matakan da kwamfuta take bi kafin ta gane abu a hoto.
2. Kawo sunayen kayan duma guda biyar a karin harshen Sakkwatanci, tare da amfanin kowanne.