Mai Ciwon Hanji Yana Bukatar Dangi

Zawo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Madarunfa. Da damina yakan kama yara da manya, a sha magani, bayan kwana uku ko huɗu ya wuce. Amma akwai wani ciwon ciki da ba ya wucewa haka. Yakan lafa, ya sake tashi, shekara da shekaru. Likitoci suna ce da shi ciwon kumburin hanji.

Mene ne wannan ciwo?

A jikin kowane mutum akwai dakaru masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo dakarun ne suke kuskure, su afka wa hanjin mai su. Sai hanjin ya kumbura, ya yi gyambo daga ciki. Ciwon iri biyu ne. Na farko babban hanji yake kamawa. Na biyu yana iya kama ko'ina daga baki har dubura. Shi ake kira ciwon Kuron, da sunan wani likitan Amurka wanda ya bayyana shi tare da abokan aikinsa a shekarar 1932. A shekarar 2017 masana sun ƙiyasta masu ciwon a duniya sun kusa miliyan 7. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 da 35, wato daidai lokacin ƙarfin noma da aure.

Alamominsa su ne zawon da ya wuce sati huɗu, jini ko majina a bayan gida, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini da gajiya.

Ba a ɗaukarsa. Cin abinci kwano ɗaya da mai shi ba ya sa a kamu. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne.

Yana kama da atuni, da basir, da tarin fuka idan ya sauka hanji. Awo kaɗai ke raba su. A fara da likitar ƙauye. In abin ya fi ƙarfinta, za a tura mutum asibitin gunduma a Madarunfa, daga nan zuwa Maraɗi. Ana awon bayan gida da na jini. A manyan asibitoci ana duba cikin hanji da wata na'ura mai fitila. Ciwon ba ya warkewa da allura ɗaya, amma akwai magungunan da ke kwantar da shi, mutum ya koma gonarsa.

Ga misali

A ce wata mace ce a karkarar Gabi. Tana zagayawa sau takwas a rana, gidan kuwa ba salanga. Da rana tana jin kunyar fita daji, sai ta daina cin abinci don kada cikin ya motsa. Ta daina zuwa biki da suna. Ta kasa daka, ta kasa jan ruwa. Uwar miji ta ce ƙyuya ce. Kishiya ta raba mata kwano. An sayar da akuya biyu an kai wa boka. Daga ƙarshe maigida ya ce ta tafi gidansu har ta warke.

Wannan mace ciwo biyu ke damunta: na hanji da na zuci. Damuwa ba ita ke kawo ciwon ba, amma tana iya tayar da shi. Da ta samu masu riƙe ta, da labarin ya sake.

Aikin mutanen gida

Na farko, a yarda da maganar mai ciwo. Gyambon a ciki yake, ido ba ya ganinsa.

Na biyu, a gina salanga kusa da ɗaki, a ajiye buta da sabulu.

Na uku, a raka shi likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a faɗi komai, har jinin da ake gani.

Na huɗu, a tuna masa da maganinsa. Ko ya ji sauƙi kada ya bari sai likita ya ce.

Na biyar, a kula da cimarsa. In ciwon ya tashi, a ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, kamar kunu da shinkafa da kifi. A rage tonka da mai. In nono yana tayar masa da ciki, a dama masa hura da ruwa mai tsabta. In zawo ya yi yawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A guji ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, irin su ibuprofen da diclofenac, don suna iya tayar da gyambon. Taba ma tana ƙara ciwon Kuron.

Aikin mutanen gari

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Babba kuwa shi ke neman kuɗin mota da na awo da na magani. Nan ne asusu yake da amfani. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991 da taimakon ƙungiyar CARE. Mata suna zubi kowane sati, suna ba juna rance. Ƙungiya tana iya ware wani abu don mai ciwon da ya daɗe, kada a kai ga sayar da iri ko bisashe.

Samari su yi masa gayya lokacin shuka da noma. In ɗan makaranta ne, malami ya bar shi ya fita duk lokacin da ya matsu, kuma ya hana yara yi masa dariya. Liman ya tunatar cewa addini ya yi wa marar lafiya sassauci a kan azumi, kuma duba marar lafiya lada ne. Mai gari da dattawa su sa baki in ana shirin sakin mace don ciwo. Mai wannan ciwo tana aure, tana haihuwa, in tana bin shawarar likita.

Zumunta a ƙafa take. A je a gaishe shi, a zauna a yi hira.

A gaggauta kai shi asibiti in jini ya yi yawa, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ciki ya kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya raba wannan ciwo da zawon damina?
2. Ana ɗaukarsa ta cin abinci tare?
3. Wane kuskure aka yi a gidan matar nan?
4. Wace dabara gari zai yi don tara kuɗin marar lafiya?